Kwana 5 ko kwana 8? Gardamar hawan Kilimanjaro a gurup ɗin 'yan Maraɗi

Lawali: Assalamu alaikum jama'ar gida, ina kwananku. Dan Allah shawara nike nema, musamman wurin Yaya Isuhu tunda shi ya zamna Tanzaniya. Ni da ƙanena Bashiru shekara biyu ke nan muna tara kuɗɗi za mu tahi Tanzaniya mu hau dutsin Kilimanjaro, to yanzu sun kusa kai, mun yi magana da wata ajans ta garin Moshi sun turo muna hanya biyu, guda ta kwana 5 sunanta Marangu ana kwana cikin ɗakuna, guda ta kwana 8 sunanta Lemosho ita tanti ake kahwawa. Bambancin kuɗɗin ba kaɗan ba ne, ga shago kuma da za mu bar ma yara. Ni dai hankalina ya fi zuwa ga ta kwana 5, a je a hau a sauko a komo bakin sana'a. Mi kuka gani?

Nasiru Gola: Wa'alaikumus salam. Abokina ɗauki ta biyar kawai. Kai da ke zagaya stad sau goma kullum da asuba, Bashiru kuma ɗan bal ne, mi zai gagare ku? Waccan ta kwana 8 ta tsofaffin Turawa ce masu tafiya da sanda. Ajans so take ta ƙara kwanaki ta ƙara cin kuɗi, ba wani abu ba.

Baba Alhaji: Lawali ɗana, wanga kuɗɗi da kunka tara ba su kai ku Umra ba? Mi a cikin dutsi da mutum za shi bar garinsu shi tahi neman wahala?

Lawali: Baba Allah shi ƙara girma, Umra tana cikin niyya in sha Allah. Wannan wani buri ne da muke da shi tun muna lakkol, tun ranar da mushe ya nuna muna hoton dutsi da ƙanƙara a kai ya ce a Afirka yake, ba mu yarda ba.

Yaya Isuhu: Salam. Yi haƙuri Lawali ina hanyar Dakoro babu rezo, sai yanzu na gani. Zan yi dogon rubutu, wanda ya gaji ya wuce, amma kai ka karanta har ƙarshe don sau biyu na je dutsen nan, sau ɗaya na kai.

Karon farko ina karatu a Arusha, ina da ƙarfina, shekaruna ba su kai naka na yanzu ba, kuma tunanina irin na Nasiru ne sak. Na ɗauki Marangu kwana 5 saboda araha. Ka dubi yadda take: daren farko a Mandara wajen mita 2,700, na biyu a Horombo wajen 3,700, na uku a Kibo wajen 4,700, kuma wannan na ukun ba kwana ba ne don tsakar dare ake tashe ku a kama hanyar ƙololuwa, mita 5,895. Kowane dare kana ƙara mita dubu ke nan. Kai kuma daga Maraɗi za ka taso, garin da bai kai mita 400 ba daga bakin teku. Dutsen da ya fi tsawo a duk Nijar, na Bagzan can Ayar, mita 2,022 ne, wato tun daren farko kun wuce duk inda ƙasarmu ta kai.

A Horombo kaina ya fara sarawa, na yi shiru. A Kibo aka kawo abinci na kasa ko kallonsa, na yi shiru, saboda kunya da kuma tunanin kuɗin da na biya. Muka fita cikin dare, da muka wuce wani kogo da ake kira da sunan Hans Meyer, Bajamushen da ya fara kai wa saman a 1889, sai amai. Na tashi in ci gaba ƙafa ta ƙi bin umarnina, ba gajiya ba ce, na san gajiya, wannan ina son in taka nan sai ta taka can. Jagoranmu ya ja layi a ƙasa da sandarsa ya haska tocila ya ce in bi layin diddige na taɓa yatsu. Taku uku ban yi ba na karkace. Nan take ya ce ƙasa. Na roƙe shi, har na yi masa faɗa, bai ko saurare ni ba, ya haɗa ni da mataimakinsa muka juya. Kafin mu iso Horombo kaina ya washe kamar ba ni ba. Har gobe ina yi wa mutumin nan addu'a.

Nasiru Gola: Yaya Allah ya kiyaye gaba, amma wannan ai jikinka ne. Mutane nawa ke hawa a kwana biyar su kai lafiya? Ni na ga bidiyo da yawa.

Yaya Isuhu: Suna kaiwa ƙanena, ban ce ba sa kaiwa ba, a ayarinmu ma wasu sun kai. Amma wanda ya juyo yana amai ba ya ɗaukar bidiyo ya sa a Facebook. Kuma abin da nake so ka gane, ba a sanin wanda zai kai da wanda zai faɗi ta kallon ƙirji. A tafiyata ta biyu akwai wata dattijuwa da ta haifi kamata, tana tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai, ta kai. Ƙarfin bal yana taimakon ƙafa, ba ya koya wa jini zama da ƙarancin iska.

Majo Ramatu: Sannunku. Nasiru bari in shigo nan don wannan fannina ne. Iskar sama ba wai ta canza ba ce, kason oksijin ɗinta yana nan 21 cikin 100 kamar na nan gida, nauyinta ne ke raguwa, to a saman Kilimanjaro duk numfashi ɗaya da ka ja kusan rabin abin da kake samu a bakin teku yake ba ka. Jiki yana da dabararsa, zai ƙara saurin numfashi, ƙoda kuma ta riƙa gyara jini ta hanyar fitsari don numfashin ya ɗore, amma wannan aikin kwanaki yake ci, ba a yi masa dole. Shi ya sa lokotoro masu harkar duwatsu suka ce in ka wuce mita 3,000 kada wurin kwananka ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare ɗaya, kuma duk bayan kwana uku ko huɗu a huta. Lissafin da Yaya Isuhu ya kawo ninki biyu ne na wannan. Kuma masu ƙarfi irinku ku kuka fi ba ni tsoro, don ku ne ke sauri, ku ne kuma ke ɓoye ciwo.

Baba Alhaji: To wagga magana na gane ta. Kakanmu ya yi fatauci da jakkai, ya ce madugu ba shi auna zango da ƙarhin saurayi, da ƙarhin dabbar da ta fi rauni shika auna shi. Sauri ya haihi nawa.

Lawali: Yaya to ita ta kwana 8 ɗin mi ta bambanta? Ba dai tsawon dutsin guda ne ba?

Yaya Isuhu: Tsawon ɗaya ne, zangunan ne daban. Lemosho daga yamma take shiga. Daren farko cikin kurmi a Mti Mkubwa, ma'anarsa babban itace, wajen 2,800. Na biyu Shira 1 wajen 3,500. Na uku Shira 2 wajen 3,850. To rana ta huɗu ita ce zuciyar hanyar gaba ɗaya: ku hau har wani dogon dutse da ake ce wa Lava Tower, wajen 4,600, ku ci abincin rana a can kai na ɗan sarawa, sannan ku gangaro ku kwana a Barranco ƙasa da 4,000. Jiki ya ɗanɗana sama ya dawo ƙasa ya yi barci, cikin barcin nan yake gyara kansa. Rana ta biyar ku hau katangar Barranco da hannu da ƙafa, tana da ban tsoro daga nesa amma ba a sa igiya, ku kwana a Karanga wajen 4,000. Af, karanga da Swahili gujiya ke nan, da na ce musu garinmu garin karanga ne sun ji daɗi sosai. Ka lissafa ka gani, dare uku a jere kana kwana kusan tsawo ɗaya, 3,850, 3,950, 4,000. Abin da kuɗinka ke saya ke nan, ba tanti ba, ba kallon daji ba. Sai rana ta shida Barafu wajen 4,670, ma'anarsa ƙanƙara, daga nan a tashi tsakar dare.

Ba zan yi maka ƙarya ba, daren nan ko ta wace hanya ka zo sai ka ji a jikinka. Mita 1,200 ne a tsaye, awa shida zuwa takwas, sanyi ya wuce na firigo, ruwan gorarka yana daskarewa in ba ka sa shi cikin riga ba. Amma a Barafu na cinye abincina tas, na yi barcin awa uku, kaina lafiya. A Kibo wancan karon ko shayi na kasa. Mutum ɗaya ne, ƙafa ɗaya, har na ƙara shekaru. Gari na wayewa muna Stella Point, 5,756, daga nan kamar awa ɗaya zuwa Uhuru, wato ƙololuwar dutsen. Na yi sujada a wurin, na yi kuka, ba na jin nauyin faɗa.

Ɗan Tibiri: Yaya Isuhu ni ina da ja kaɗan. Daga 2,800 zuwa 3,500 ai mita 700 ne, daga Karanga zuwa Barafu ma kusan haka, to ita ma ta karya dokar da Majo ta kawo. Kada a sa yaro shi ɗauka in ya biya ta kwana 8 shi ke nan ya tsira.

Yaya Isuhu: Gaskiyarka, kuma na ji daɗi da ka faɗa. Babu hanyar da ke ba da tabbas. Akwai ma wadda ta fi ta tsawo, mai zagayawa ta arewacin dutsen kwana 9, wasu kuma su fara hawa dutsen Meru da ke kusa da Arusha, mita 4,566, su huta kwana ɗaya biyu sannan su shiga Kilimanjaro. Mai hali ya yi haka. Kuma doguwar hanya tana da nata wahalar, dare bakwai cikin tanti a ƙasa mai sanyi, wanka sai dai ɗan ruwan ɗumi a roba, leɓe ya tsattsage. Marangu ma ana iya ƙara mata kwana ɗaya a Horombo ta zama 6, ya fi babu. Ni dai abin da ba zan yarda in ce wa ɗan'uwana ba shi ne ya ɗauki ta 5.

Lawali: To kuɗɗin hwa? Nan ne gizo ke saƙa. Ni gani nike kamar yadda Nasiru ya ce, ajans ce ke ƙari.

Yaya Isuhu: Ba duka nasu ba ne. Lokacin da na je hukumar gandun tana karɓar dalar Amurka 70 kowace rana a kan kowane baƙo, 50 kowane dare a tanti, 60 in ɗaki ne, ga 20 na ceto, ga haraji a kai. Ban da na ceto da haraji, kwana 5 a Marangu 590 ke nan, kwana 8 a Lemosho 910, bambanci 320, wajen jika 190 gwargwadon canji, tun ajans ba ta sa ko dala ba. Sai abincin ƙarin kwana uku da ladan 'yan dako, don ba a barin kowa ya hau ba jagora, kuma mutum ɗaya sai ya ja 'yan dako uku ko fiye, kowannensu kilo 20 aka yarda ya ɗauka, ana aunawa a ƙofa. In ka ga farashi ya faɗi ƙasa warwas to daga cikin waɗannan bayin Allah aka yanko, ko daga abincinku. Ajans ɗin da na bi karon farko ko abin auna oksijin na yatsa ba su da shi, ba wanda ya tambaye mu ya muka kwana. Ta biyu safe da yamma sai an auna kowa an rubuta. Ka tambaye su wannan, ka tambaye su ko suna tafiya da kwalbar oksijin, ko suna cikin tsarin KPAP mai sa ido kan haƙƙin 'yan dako.

Sannan ka haɗa lissafin duka Lawali. Kuɗin bas daga nan zuwa Yamai ko mota zuwa Kano, jirgi ta Addis Ababa, biza, otel a Moshi, takalmi da rigunan sanyi. Duk wannan ka biya, sai a jika 190 da 'yan kai za ka yi tsimi? Ni na yi wannan tsimin, sai da na biya kuɗin dutsen sau biyu.

Malam Sabi'u: Ni tambayata salla. Yaya kuka yi da alwala a wannan sanyi?

Yaya Isuhu: Malam muna ƙasaru muna haɗa azahar da la'asar, magariba da lisha. A zango masu girki suna ba da ruwan ɗumi in ka nema, da yawansu Musulmi ne, har jam'i mun yi da su a Shira. Daren ƙarshe asuba ta riske mu a hanya, taimama na yi.

Malam Sabi'u: Madalla. Sai dai su dubi wata kada tafiyar ta faɗa cikin azumi.

Majo Ramatu: Wannan dole ne Malam, lita uku zuwa huɗu ake so mutum ya sha kullum a can. Kuma kada ku manta katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, ana tambayarsa ga wanda ya fito ƙasashenmu. Akwai maganin da ake ce wa Diamox yana taimaka wa jiki ya saba da wuri, amma ba na saye a tebur ba ne, lokotoro ya rubuta maka, yana sa yawan fitsari da jin tsira-tsira a yatsu, mai alajin magungunan sulfa kuma sai ya faɗa tun farko. Ba ya maye gurbin kwanaki. Alamun da ba a jira da su: haki kana zaune ba ka yin komai, tari mai kumfa, tangaɗi, ko mutum ya riƙa magana ba kan gado. Ruwa ne ke taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ke kumbura, suna kisa, maganin farko a sauka ko da ƙarfe biyun dare ne.

Habsu: Lawali tun safe nike karantawa ban ce komi ba, amma raina ya ƙi kwanciya. Kun manta da Marigayi? Majo, ƙanenmu da ya rasu yana ƙarami emasi gare shi, wato sikila. Su biyun nan ba wanda ya taɓa yin awon jini, don ba su taɓa ciwo ba. Shin wannan yana da alaƙa da hawan dutsi?

Majo Ramatu: Allah ya jiƙansa. Habsu kin yi babban abu da kika faɗa, yana da alaƙa ƙwarai. In ɗa ya fito SS to uwa da uba kowa na ɗauke da S, kuma cikin 'ya'yan da ba su da ciwon, biyu cikin uku ake sa ran AS ne. Mai AS yana rayuwarsa lafiya lau, har bal ya buga, amma inda oksijin ya yi ƙaranci ga wahala ga ƙishirwa jininsa na iya lanƙwashewa ya toshe saifa, sai ciwo mai tsanani a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Ba kowa yake samu ba amma sananne ne a wurin masu hawan duwatsu. Kuma ku ji da kyau, doguwar hanya ba ta kawar da wannan. Lawali kada ku tura wa ajans ko tamma sai kun yi elektroforez ku biyun, wato awon jinin da ke nuna ko mutum AA ne, ko AS, ko SS.

Lawali: Innalillahi. Wallahi Yaya Habsu ko a mahwalki ban haɗa su ba. Gobe da sahe za mu tahi.

Nasiru Gola: Gaskiya wannan ban san shi ba. Na janye maganar da na yi da safe Lawali, ka bi ta Majo.

Lawali: Salam jama'a, kwana uku shiru, sakamako ya hito. Ni AA, Bashiru AS. Tun jiya bai ci abincin kirki ba, shi ya fi ni son tahiyar nan, rabin kuɗɗin ma nashi ne.

Bashiru: Ina nan ina karantawa. Majo dan Allah ki gaya mini gaskiya, an hana ni ke nan gaba ɗaya? Ko ƙasa-ƙasa ba zan iya zuwa ba, kamar zangon farko in komo?

Majo Ramatu: Ƙanena ba ni zan yanke maka ba a gurup, kuma ba zan ce maka je ka ba. Zangon farkon ma ya kai 2,700, an samu masu ciwon saifar a ƙasa da haka. Ka ɗauki takardar ka ga lokotoron da ke duba masu emasi, ka nuna masa tsawon kowane zango kamar yadda Yaya Isuhu ya jero, da nisan wurin daga gidan likita, shi ya faɗa maka. In kana so in raka ka ranar Litinin na sauka aiki ƙarfe biyu.

Baba Alhaji: Bashiru ɗana ka yi haƙuri, ka bi Majo ku tahi. Lawali kai kuma kada ka yanke komi sai ɗan'uwanka ya ji daga bakin likita.

Lawali: To Baba. Na rubuta ma ajans na ce ta kwana 5 dai mun ajiye ta, su dakata muna da sauran. Yaya Isuhu wane wata ya kamata in tambaye su, in Allah ya sa tahiyar tana nan?

Yaya Isuhu: Janairu zuwa farkon Maris, ko Yuni zuwa Oktoba. Afrilu da Mayu ruwa ne sosai, Nuwamba ma ana yi. Ka ce su turo maka sunan zangon kowane dare a rubuce, don wasu suna cewa kwana 8 alhali sun lissafa da ranar ɗauko ka daga filin jirgi. In sun turo ka sa nan in duba. Bashiru, Litinin in kun fito ka kira ni.